Wai guguwar teku za ta shigo Legas? Da batun guguwar da ake ƙirƙira a kwamfuta

DanZango_Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya biyu gare ni amma a haɗe suke. Tun jiya da magariba wata murya ke yawo a WhatsApp, wani mutum har da rantsuwa wai mahaukaciyar guguwar teku irin wadda ke rushe garuruwa a Amurka ta taso za ta shigo Legas kafin Juma'a, duk wanda ke kusa da ruwa ya tattara nasa ya nasa. Tsohuwata ta kira ni daga Kazaure sau uku a daren, ta ce in kwaso yara mu taho gida. Barci ya gagare ni sai na shiga intanet ina lalube, ban ga komai kan Legas ba, amma na ci karo da abin da ya fi ɗaure min kai, wai masu hasashen irin wannan guguwa yanzu ƙirƙiro guguwar da ba a taɓa yi ba suke yi a kwamfuta, dubbai, su koya wa na'ura da ita, sannan su ce na'urar za ta faɗi inda ta gaske za ta bi. Ta yaya za ka ciyar da abu ƙarya ya haifa maka gaskiya? Masu ilimin cikinmu a taimaka don Allah.

Maitumatir_Mile12:
Wa alaikumus salam. Muryar nan a guruf uku aka turo min. Shekarata 19 a garin nan, duk damina sai wani ya zauna a ɗakinsa ya naɗi irin wannan. Ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta.

Admin_Obalende:
Don Allah kar wanda ya sake saka muryar a nan, na goge guda biyu. Idan akwai gargaɗi na gaske daga hukumar yanayi NiMet ko hukumar agajin gaggawa ta Legas LASEMA za mu gan shi da sunansu, ba da muryar wanda ba a san ubansa ba.

Dalibar_Yanayi:
Yaya DanZango, ɓangaren farko mai sauƙi ne. Abin da na karanta ke nan a jami'a a Akure. Irin guguwar da kake nufi ba ta taɓa sauka a gaɓar Najeriya ba a tarihin da aka rubuta. Kafin ta samu sai ruwan teku ya yi ɗumi ya kai wajen digiri 26 da rabi, sannan sai ta samu abin da zai murɗa ta ta fara juyawa, kuma wannan murɗawar daga juyawar duniya take zuwa, ana ce mata ƙarfin Koriyolis. A kan layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu kudu da arewa, ƙarfin nan babu shi sam, shi ya sa da wuya ƙwarai ka ga ta ƙullu a ƙasa da digiri 5 daga layin. Mu kuma a gindin layin muke.

Sarkin_Gardama:
Tsaya ƙanwata. Na duba yanzu, Legas tana kan digiri 6 da rabi. Shida da rabi ai ta wuce biyar. Ke nan da bakinki kin ce za ta iya zuwa.

Dalibar_Yanayi:
Hhhh ka kama ni amma ba ka kayar da ni ba. Garin ne ke kan shida da rabi, tekun kuma kudu da mu yake, wato duk taku ɗaya da ka yi cikin ruwa ƙara matsawa kake kusa da layin. Guguwar kuma a kan ruwa take girma ba a kan Oshodi ba. Ƙari a kan haka daga Yuli zuwa Satumba ruwan gaɓarmu sanyi yake yi saboda na ƙasa yana tasowa sama, kuma iskar da ke tura su yamma take kai su, nesa da mu.

Maman_Ihsan_IdiAraba:
To 'yar nan idan ba ta zuwa, mece ce ta ɗauke mana kwanon ɗaki a farkon 2012? Da safe ne, yara na shirin makaranta, gari ya yi baƙi ƙirin kamar magariba, kafin in ɗauke tukunyar kokon da nake sayarwa sai ga kwanon maƙwabta yana yawo a sama kamar takarda. Kuma ruwan 10 ga Yulin 2011 fa, ranar Lahadi, da ya wuni yana zuba har katifunmu suka yi iyo?

Dalibar_Yanayi:
Anti waɗannan gaskiya ne kuma suna kisa, amma hadari ne mai iska, layi guda yake zuwa ya wuce cikin awa ɗaya ko biyu, shi kuma na 2011 ruwan damina ne mai yawa da ya tarar da magudanai a toshe. Ita waccan faɗinta kan kai ɗaruruwan kilomita, tana da ido a tsakiya, tana yin kwanaki ko makonni tana tafiya a teku, kuma ba a ma kiranta da babban sunan, wato "hurricane", sai iskarta ta kai kilomita 119 a awa.

Sela_TinCan:
Bari in sa baki tunda na ga wurin da ta bi da idona. Aikin jirgin ruwa nake yi. Mun shiga Beira ta Mozambik watanni kaɗan bayan Idai ta Maris 2019. Wallahi ɗan'uwa ba irin iskarmu ba ce. Tun daga tashar jirgi kana hango gari ba rufi, sito-sito na ƙarfe an nannaɗe su kamar tabarma, bishiyoyin kwakwa duk sun kwanta fuska ɗaya. Wani lebura Musulmi da muka yi sallah tare ya nuna min a jikin bango inda ruwa ya tsaya, sama da kaina. Sama da mutum 1,000 suka rasu tsakanin Mozambik da Zimbabuwe da Malawi. Kuma abin da zai ba ka haushi, an ga zuwanta kwanaki kafin ta iso, mu a jirgi kullum taswirar na zuwa wa kyaftin da layin da ake zaton za ta bi da wani abu kamar mazurari a gefensa, idan ya ga mazurarin ya taɓa hanyarmu sai ya ce a ƙara ɗaure kwantenoni a canja hanya ko da za a ƙona man kwana biyu. Mu muna da inda za mu kauce, mutanen bakin kogin Buzi ba su da shi.

DanZango_Agege:
Innalillahi. Allah ya ji ƙansu. Na gode, hankalina ya ɗan kwanta kan na farko. Saura na biyu, wanda shi ne ya hana ni barci da gaske.

Injiniya_Yaba:
Alhaji kafin a zo kan "ƙarya" sai an san yadda ake hasashen tun asali. Ka ɗauki sararin duniya gaba ɗaya ka yanka shi gida-gida kamar gidan dara, a kwance da kuma hawa-hawa zuwa sama. Kowane gida a rubuta masa zafinsa, danshinsa, nauyin iskarsa da inda iskar ta dosa. Sai a ba kwamfuta dokokin kimiyya na yadda iska da zafi da ruwa ke motsi, ta lissafa me kowane gida zai zama nan da 'yan mintoci, ta sake, ta sake, har ta kai kwana goma. Shi ne modal ɗin lissafi. Wanda ya fi suna na cibiyar Turai ne, ECMWF, hedikwatarta a Redin ta Ingila, manyan kwamfutocinta a Bolonya ta Italiya, kowane gida nata wajen kilomita 9 ne, hawa 137. Amurka na da nata GFS. Wani Bature Lewis Fry Richardson ne ya fara gwadawa da hannu, ya shafe makonni yana lissafin hasashen awa shida kuma ya fito ba daidai ba, a 1922 ya ce sai an tara mutum 64,000 suna lissafi a lokaci guda kafin a riga yanayin sauri. Sai a 1950 aka fara yi da kwamfuta.

DirebanTirela_Apapa:
Mutum 64,000 a ɗaki ɗaya suna lissafi, wa zai biya kuɗin shayinsu

Injiniya_Yaba:
Hhhh. To matsalar ita ce ba ka taɓa sanin halin da sama ke ciki yanzu-yanzu daidai wa daida, kuma ɗan kuskure kaɗan a farko yana girma ya zama babba bayan kwanaki, Edward Lorenz ya nuna haka tun 1963. Shi ya sa Turawan ba sau ɗaya suke gudanar da lissafin ba, sau 51 suke yi, kowanne an ɗan taɓa farkonsa. Idan duka suka bi hanya ɗaya to a shirya. Idan suka watse kamar an jefa wa kaji tsaba to ba a sani ba tukuna. Mazurarin da Sela ya ce yana gani, nuni ne cewa layin tsakiyar ba alkawari ba ne. A 2012 modal ɗin Turai ya ga guguwar Sandy za ta karyo hagu ta daki wajen Niyok kusan mako guda kafin ta yi, lokacin da na Amurka ke cewa teku za ta nufa.

Ustaz_Agege:
Ina bin ku a hankali. Akwai 'yan uwa da suka yi min magana ta gefe cewa wannan shiga gaibu ne. A'a. Abin da aka hana shi ne jingina ruwa ga tauraro, a ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa, hadisin Zaidu bin Khalid na nan a Bukhari da Muslim. Amma wanda ya ga hadari ya haɗo a gabas ya ce a kwashe shanya, ba boka ba ne. Waɗannan na'urori idon da ya fi namu nisa ne kawai. Sharaɗi dai kar a yanke, a ce in Allah ya so. Kuma ga shi ma injiniya ya ce su da kansu ba sa yankewa.

Baban_Kara:
Allah ya gafarta malam, ka ambaci gabas ka tuna min gida. A ƙauyenmu bangon gabas ne kullum ake fara yi wa yaɓe kafin damina saboda shi ruwa ke duka. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Dalibar_Yanayi:
Baba ai ka taɓo inda labarin ya shafe mu kai tsaye. Wannan hadarin gabas ɗin yana tafiya ne a cikin wasu manyan igiyoyin iska da ke tasowa daga wajajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratsa Chadi, arewacin Najeriya, Nijar, Mali, duk bayan kwana 3 zuwa 5 wata na wucewa, har su faɗa Tekun Atilantika ta wajen Senegal da tsibiran Kef Bad. A can wasu ke samun ruwan ɗumi su fara juyawa. Mafi yawan manyan guguwoyin da ke dukan Karibiyan da Amurka daga nan asalinsu yake. Wato hadarin da ya jiƙa gero a Haɗeja yau, bayan mako biyu zai iya samun suna a Miyami. Kuma ƙurar Sahara idan ta bi su da busasshiyar iska tana shaƙe su su mutu.

DirebanTirela_Apapa:
Ashe mu ke aika musu da guguwa su kuma su aiko mana da gwanjo. An yi canjaras.

Sarkin_Gardama:
Duk kun kauce. Mutum ya tambayi guguwar jabu kun kai mu Habasha.

Injiniya_Yaba:
Gaskiyarka, ga shi. Daga 2023 aka samu sabon salo, maimakon a ba kwamfuta dokoki sai a ba ta tarihi ta koya da kanta, wato AI. Huawei suka fito da Pangu-Weather, Google DeepMind suka fito da GraphCast wanda aka horar da bayanan yanayi na shekara 39, yana fitar da hasashen kwana 10 cikin ƙasa da minti ɗaya, abin da sofa-kwamfuta ke ɗaukar lokaci mai tsawo da wuta mai yawa. A Satumban 2023 ya nuna guguwar Lee za ta sauka Noba Skoshiya ta Kanada wajen kwana tara kafin ta sauka. Ita ma ECMWF ta fara aiki da nata AI ɗin a hukumance a Fabrairun 2025. A faɗin hanyar da guguwa za ta bi sun ƙware. A ƙarfi kuma suna rage mudu, su ce iska za ta yi kaza alhali ta fi haka nesa. Dalili biyu. Na ɗaya tarihin da suka koya gidajensa wajen kilomita 30 ne, idon guguwa kuma sau da yawa bai fi hakan da yawa ba, kamar ka ɗauki hoton fuskar mutum da tsohuwar waya daga nesa, ka san mutum ne amma ba ka ga aska ba. Na biyu, a duk duniya guguwa 80 zuwa 90 ake samu a shekara, masu tsananin ƙarfi 'yan kaɗan ne cikinsu, kuma ingantaccen bayanin tauraron ɗan adam bai wuce na shekara arba'in da wani abu ba. Na'urar da ke buƙatar misali dubu-dubu an ba ta 'yan ƙalilan. To a nan ake cewa modal ɗin lissafi, mai gidaje ƙanana sosai, ya haifo guguwoyi masu yawa da dokokin kimiyya suka yarda za su iya faruwa ko da ba su faru ba, a ƙara wa na'urar a cikin darasi.

Tela_AlabaRago:
Injiniya bari in gwada ko na gane. Lokacin da nake koyon ɗinki maigidana bai taɓa ba ni shaddar mutane ba. Takardar buhun siminti yake ba ni, in auna in yanka in ɗinka, riga ta fi ɗari na yi da takarda kafin ya miƙo min yadi. Rigar takarda ba wanda ya taɓa sakawa amma hannuna a kanta ya faɗa. Haka ne?

Injiniya_Yaba:
Wallahi maigida ka fi ni iya bayani. Haka ne.

Tela_AlabaRago:
To saurara ban gama ba. Ranar da aka fara ba ni yadi mai santsi sai da na ɓata shi, saboda takarda ba ta zamewa a ƙarƙashin allura, ba ta miƙewa, ba ta tattarewa. Duk abin da takarda ba ta yi ban koye shi ba. Ita na'urar taku wa zai gaya mata inda takarda ta bambanta da yadi?

DanZango_Agege:
Yawwa!! Abin da ke raina ke nan na kasa faɗa.

Dalibar_Yanayi:
Wannan ita ce muhawarar da masanan kansu ke yi. Idan modal ɗin da ya haifo guguwoyin yana da karkata, misali ba ya iya nuna yadda teku da iska ke musayar zafi a tsakiyar guguwa daidai, to ɗalibinsa zai gaji karkatar har ya ƙware a kanta. Abin da ake yi shi ne a fara da na ƙirƙira, a gyara hannu da na gaske, sannan jarrabawa dole da guguwoyin gaske da aka ɓoye wa na'urar ba ta taɓa gani ba. Amurkawa har jirgin sama suke tura wa cikin idon guguwa yana sako na'urorin awo da 'yar lema don a samu yadin gaske ɗin. Amma a Tekun Indiya wajen su Mozambik ba a yin wannan a kai a kai, yawanci daga hoton tauraron ɗan adam ake ƙiyasta ƙarfinta.

Zee_Inshora_VI:
Ku ba ni wuri, mu a harkar inshora wannan ba sabon abu ba ne. Bayan guguwar Andrew ta 1992 a Filorida kamfanonin inshora da dama sun karye saboda lissafinsu a kan abin da ya taɓa faruwa kawai yake. Tun daga nan masana'antar ta rungumi guguwoyin ƙirƙira. Farfesa Kerry Emanuel na jami'ar MIT ta Amurka ya yi suna a kan haka, yana shuka 'ya'yan guguwa barkatai a kwamfuta ya bar kimiyya ta zaɓi wadda za ta rayu. A 2020 wasu masu bincike a Amsadam suka fitar da tarin da ya kai na shekara 10,000. Amma a lura, wannan ba don a ce maka ranar Juma'a za ta zo ba ne, don a ce maka garin nan sau nawa irin wannan za ta iya samunsa a shekara ɗari, a san tsayin katangar teku da kuɗin da za a caje ka. Aiki biyu ne mabambanta, kar a haɗa.

Sarkin_Gardama:
Wato ku ƙirƙiro bala'in da bai faru ba ku caje mu kuɗin gaske. Hajiya sana'arku da daɗi.

Zee_Inshora_VI:
Ranar da ya faru kuma kai ne farkon zuwa ofis da fayil a hammata.

Maitumatir_Mile12:
Ni duk wannan turancin bai dame ni ba, ga nawa ƙorafin. Watan Maris da ya wuce motata ta iso daga Kadawa da asuba, kwando sama da ɗari uku. Yarona ya duba wata manhaja a waya ya ce Alhaji yau ba ruwa, rana ce har yamma. Muka sauke a fili ba mu ja tamfol ba. Ƙarfe sha ɗaya sai ga shi kamar da bakin ƙwarya, minti arba'in kacal, a Ketu ma ƙasa a bushe. Tumatirin da ya sha zafin hanya kwana biyu ruwa ya taɓa shi ai kun san sauran, washegari rabi sai masu baaje suka saya a wulaƙance. Wanda ya kasa ganin ruwan Mile 12 na awa biyar masu zuwa shi ne zai ga guguwar Kanada ta kwana tara?

Dalibar_Yanayi:
Allah ya mayar da alheri Alhaji. Abin mamaki shi ne eh, babbar ta fi sauƙin gani. Giwa ce a fili, naka kuma ɓera ne a cikin ciyawa. Gajimaren da ya jiƙa ka mai yiwuwa faɗinsa bai kai gida ɗaya na modal ba, kuma rayuwarsa duka awa ɗaya ce. Sannan Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshin awon yanayi, balan-balan ɗin da ya kamata a riƙa saki sama sau biyu kullum wurare da yawa ba a saki. Manhajar wayarka ba ta san Mile 12 ba, lissafin wani waje ta kwaso ta manna maka.

Sarkin_Gardama:
To shi ke nan a ƙirƙiro mana bayanan Mile 12 ɗin mana tunda an iya ƙirƙira

Injiniya_Yaba:
Wasa kake amma nan ne iyakar abin. Na ƙirƙira yana ƙara maka misalan yadda sama ke iya yi, ba ya gaya maka abin da take yi yau da safe. Wannan sai an auna. Kuma tunda igiyoyin da ƙanwata ta faɗa ta kanmu suke bi, rashin awo a Sahel har Amurkawa yake cuta.

Sela_TinCan:
Ƙarfin nan da kuke cewa ana rage mudu shi ne abin tsoron. Otis a Oktoban 2023, ana ganinta ƙarama, cikin kwana ɗaya ta kai mataki na biyar, wato mafi ƙarfi, ta faɗa Akapulko ta Meziko da dare, manyan modal ɗin duka ba su gani ba. Abokin aikina ɗan Filifin yana cewa gara babba da ka sani da ƙarama da ta girma kana barci. Ga Freddy ta 2023, daga kusa da Ostireliya ta taso ta ratsa Tekun Indiya duka, kwana 36 tana raye, ta daki Mozambik ta fita ta sake dawowa, Malawi ta fi kowa shan wuya.

Dalibar_Yanayi:
Otis ita ce misalin da ake bayarwa kullum. Idan iska ta ƙaru da wajen kilomita 55 a awa cikin awa 24 ana kiransa ƙaruwar gaggawa, kuma irinsa ne ya yi ƙaranci a tarihi, shi ya sa ake sa ran na ƙirƙira zai taimaka a nan fiye da ko'ina. Ko zai taimaka ɗin, tambayar Tela na nan.

Maman_Ihsan_IdiAraba:
Ni dai abin da na ɗauka, ko an gani ko ba a gani ba talaka ina zai je? An ce mana ruwa na zuwa, to mu hau ina?

Zee_Inshora_VI:
Anti akwai inda gargaɗi ya yi aiki fa. Jihar Odisha ta Indiya a 1999 guguwa ta kashe wajen mutum 10,000. Suka gina matsugunai masu tsayi, suka horar da mutanen ƙauye. A 2019 da Fani ta zo sun kwashe sama da mutum miliyan ɗaya kafin ta sauka, waɗanda suka rasu ba su kai ɗari ba.

Baban_Kara:
'Yata Odisha daban. Mu nan duk shekara ana sanar da mu za a saki ruwan dam ɗin Oyan, kuma duk shekara da shanu a cikin ruwa muke kwana saboda ba wani filin da za mu kai su. Ba kwamfuta muka rasa ba. Mutanen Maiduguri a Satumban 2024 ba guguwar teku ce ta ci su ba.

Ustaz_Agege:
Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Baba maganarka gaskiya ce amma kar ta sa a raina sanin. Da ba a sanar ba da har 'yan maruƙan ba za ku ɗauke ba.

Sarkin_Gardama:
Ni har yanzu ina kan bakana, sunan ne bai yi min ba. Abin da bai faru ba bai faru ba. Kuma teku na ƙara ɗumi, guguwar gobe ba lallai ta yi kama da ta jiya ba, balle ta yi kama da wadda kwamfuta ta yi mafarki.

Injiniya_Yaba:
Ai wannan hujjata ce ka ɗauko oga. Tunda ta gobe ba ta cikin tarihi, ta ina na'ura za ta gan ta idan ba a ɗumama tekun cikin kwamfuta an ga abin da zai fito ba?

Tela_AlabaRago:
Da sharaɗin wanda ya ɗumama ɗin ya san yadi.

DanZango_Agege:
Na gode ƙwarai jama'a. Na kira tsohuwa na ce mata wata ɗaliba ta ce tekunmu ba ya haifar irin wannan, ta ce ɗalibar 'yar gidan wa ce, kuma ko ma dai mene ne in turo mata yaran hutu ya kusa. A batun ƙirƙirar kuwa rabi na yarda, rabi ina wajen Tela.

Maitumatir_Mile12:
Ƙanwata mai yanayi, mota biyu na hanya sun wuce Jebba, gobe da asuba za su shigo. In ja tamfol ko kar in ja?

Dalibar_Yanayi:
Alhaji ja abinka.

DirebanTirela_Apapa:
Nan Ijora ma gabas ta fara haɗowa, kwana uku ina layi ban matsa ba. Waye ke Mile 2 ya gaya min ko an fara a can